ƘUNGIYOYIN ƘWALLO DA 'YA'YAN TALAKAWA A BIRNIN KATSINA

 

Sharhinmu na wannan wata zai taɓo wani al'amari ne da wataƙila wasu za su yi mamakin ganinsa a shafukan wannan mujalla, wato ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwanni, da irin rawar da suke takawa a rayuwar 'ya'yan talakawa a birnin Katsina. Dalilin ɗauko wannan batu a bayyane yake. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, daga Sabuwar Unguwa zuwa Kwaɗo da Dutsin Safe, da wuya a sami filin makaranta ko wani kangon fili da ba ya cika da samari tsakanin la'asar da magariba. Duk abin da ya iya tara dubban 'ya'yan Musulmi a kowace rana, ba tare da sanarwa ba, ba tare da an biya su ko sisin kwabo ba, to ya wajaba masu son gyaran al'umma su tsaya su dube shi da idon basira, su san alherinsa domin su ƙarfafa shi, su kuma san sharrinsa domin su kawar da shi.

Ya kamata mu fara da tuna halin da matasanmu suke ciki. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki dabam-dabam, kama daga abinci da lafiya zuwa ilimi da muhalli, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a ƙasar nan. A watan Mayu na wannan shekarar ne ma gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, bayan da ɓarnarsa ta fito fili. A kan wannan kuma ga masifar 'yan bindiga da ta raba jama'ar ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da sauransu da gonakinsu, ta turo iyalai masu yawa cikin birni, da 'ya'yansu waɗanda karatunsu ya yanke. Mutanen Katsina kuwa ba sa bukatar a yi musu bayanin ƙauranci, yadda ake kiran irinsa daba a Kano, ko sara-suka a Bauci, ko kalare a Gwambe. Yaron da gidansu babu wadataccen abinci, makaranta ta tashi ko ma bai shiga ba, babu sana'a, babu wanda ke tambayar inda ya yini, shi ne abin farautar dillalin ƙwaya da jagoran ƙauraye da ɗan siyasar da ke neman 'yan banga.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar ƙwallo ta unguwa take aikinta. Galibi wani mutum guda ne ke riƙe da ita, malamin firamare ko tela ko bakanike, wanda ya taɓa buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, ba shi da albashi a kan wannan aiki, sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan sha. Abin da yake ba yaran nan, in aka auna shi, ba ƙarami ba ne. Yana ba su lokaci tsayayye da za su hallara, wanda ya makara a hukunta shi. Yana ba su doka da suke bi da kansu, da shugaba da suke yi wa ɗa'a, da alƙalin wasa da suke koyon karɓar hukuncinsa ko da bai yi musu daɗi ba. Yana sanin sunan kowane yaro da sunan mahaifinsa da ƙofar gidansu, idan kuma yaro ya yi kwana biyu bai zo ba, za a aika a duba lafiyarsa. Yaron da ke son a sa shi a wasan ranar Asabar ya san cewa huhun mai shan taba da wiwi ba zai kai shi minti casa'in ba, wannan kaɗai ya hana yara da yawa abin da tsawa da bulala suka kasa hanawa.

Haka nan akwai taimakon juna. Ƙungiyoyi da yawa suna da asusu na karo-karo, wanda daga cikinsa ake ɗinka rigunan wasa, a biya kuɗin mota in za a je Daura ko Dutsin-ma ko Funtuwa buga wasa, a kai wanda ya ji rauni asibiti ko wajen mai ɗori. In an yi wa ɗayansu rasuwa, ƙungiya ce ke shimfiɗa tabarmi, in aure ne ita ce ke kan gaba. A filin nan ne ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro da almajiri da yaron da rikici ya koro daga ƙauye suke sa riga iri ɗaya, a fifita wanda ya fi iyawa ba tare da an tambayi asalinsa ba. Wurare nawa ne suka rage a cikin al'ummarmu, in ka ɗebe sahun salla, da ake samun irin wannan daidaito?

Masu ganin wasa baƙon abu ne a tarbiyyarmu sai su waiwayi tarihi. Ya tabbata a littattafan Sunna cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kayar da Rukana a kokawa, ya kuma bar mutanen Habasha suka yi wasa da masu a cikin masallacinsa. Malamai sun yi bayani cewa asalin irin waɗannan wasanni halal ne, matuƙar ba su haɗu da caca ko tsiraici ko cutarwa ko tozarta wajibi ba. A nan gida Katsina ma, Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta haɗa karatu da wasanni, kuma sanannen abu ne cewa Sardauna Ahmadu Bello ya yi fice a wasan fayif tun yana ɗalibi a can. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a wannan birni, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara da shi har a ƙasashen waje. Sunan Sarki Dikko ne aka sa wa babban filin wasa na jiha a 2016, filin da aka buɗe a 2013 da sunan Karkanda.

Idan muka leƙa wasu ƙasashe za mu ga cewa waɗanda suka fara fahimtar amfanin ƙungiyar ƙwallo wajen riƙe 'ya'yan talakawa masu addini ne. Ƙungiyar Everton ta Ingila ta samo asali ne a 1878 daga wata majami'a da ta so ta sama wa samarinta abin yi. Ƙungiyar Celtic ta birnin Gilasgo wani malamin Kirista ne ya kafa ta a 1887 domin a tara kuɗin ciyar da yaran matalauta 'yan ci-rani daga Ailan. Waɗannan mutane sun ga inda matasansu suke taruwa, suka bi su can. Abin kunya ne a ce mu da addininmu ya ɗora mana amanar marayu da miskinai da 'ya'yan maƙwabta, mun tsaya daga nesa muna la'antar filin da 'ya'yanmu suke yini a cikinsa, ba tare da mun taɓa taka ƙafa mun ga abin da ake yi ba.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na unguwar Mathare, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu na birnin Nairobi a ƙasar Kenya. A 1987 aka kafa ƙungiyar wasannin matasa a can bisa wata ƙa'ida mai ban sha'awa: kulob yana samun maki a teburin gasa idan ya ci wasa, yana kuma samun maki idan 'yan wasansa suka fito suka kwashe shara suka yashe magudanan ruwa na unguwarsu. Daga cikin waɗannan yara ne aka gina kulob ɗin Mathare United, wanda ya ci gasar ƙasar Kenya a 2008. A ƙasar Gana kuma, makarantar Right to Dream da aka kafa a 1999 ta ɗaura horon ƙwallo da karatun aji, babu ɗaya sai da ɗaya. A nan ne aka raini Muhammad Ƙudus, ɗan unguwar Nima ta birnin Ankara, unguwar da Hausa ce harshen kasuwarta, wanda ya fara daga ƙaramin kulob na unguwa, ya tafi Denmak a 2018, ya koma Ajax ta Holan a 2020, sannan Ingila a 2023. Darasin da ke cikin misalan nan biyu shi ne, ƙwallo ƙugiya ce kawai ta jawo yaro, amfanin yana ga abin da aka tanadar masa bayan ya zo.

To sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne mu faɗe ta. Akwai ɓarna a harkar ƙwallo wadda in ba a tare ta ba, za ta cinye dukkan alherin da muka ambata. Ta farko ita ce tozarta salla. Ana fara wasa kafin a yi la'asar, ko a ja shi har a kira magariba ana cikin fili, a fito a gajiye a bar isha'i da asuba. Ta biyu ita ce tsafi da camfi, inda za ka ga ana binne laya a bakin raga, ana yayyafa ruwan rubutu a ƙofar fili, ana kai wa boka kuɗin da aka tara da gumi domin ya ɗaure ƙafar abokan karawa. Wannan hanya ce ta shirka, kuma babu kofin da ya kai darajar imanin yaro guda. Ta uku ita ce caca, wadda a da ake ɓoyewa a yi, yanzu kuwa ta shigo cikin wayar hannu, yaro yana kwance a ɗakin uwarsa yana zuba kuɗin cefane a kan wasan da ake bugawa a Sifen. Su kansu Turawan sun fara jin jiki, domin a 2023 ƙungiyoyin babbar gasar Ingila suka amince za su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu. A nan gida kuma, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwamban 2024 ya tabbatar da cewa ikon tsara harkar caca yana hannun jihohi, saboda haka babu sauran uzuri ga jihar da take son kare 'ya'yanta.

Ɓarna ta huɗu ita ce ƙarya a kan shekaru, inda ake sa mai shekara ashirin da biyar ya rantse cewa shekararsa goma sha shida, da sanin mai horarwa, wani lokaci da sa hannun iyaye. Wanda aka fara koya wa rantsuwar ƙarya domin shiga gasa, me zai hana shi yin ta gobe a kasuwa ko a gaban alƙali? Ta biyar ita ce rikici da gaba. Ba mu manta ba da abin da ya faru a Kano a watan Afrilu na 2022, lokacin da aka farfasa motar 'yan wasan Katsina United bayan karawarsu da Kano Pillars, kuma a ƙarshen wannan kakar ƙungiyoyin biyu duka suka faɗo daga babbar gasa. Yaran unguwa suna kallon abin da manya ke yi a babban fili, su kwaikwaya a ƙaramin fili, har wasan sada zumunta tsakanin unguwa da unguwa ya koma fagen ɗaukar fansa.

Ta shida, wadda ta fi cin 'ya'yan talakawa, ita ce mafarkin Turai. Babu shakka Ahmed Musa ya fito daga gidan da ba na masu hali ba a Jos, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar Nijeriya da rigar Kano Pillars a 2010, ya yi suna a duniya, ya dawo ya gina cibiyar wasanni a Kano. Haka Sadio Mane na Senigal ya gina wa ƙauyensu Bambali makaranta da asibiti. Amma a bayan kowane ɗaya irin waɗannan akwai dubbai da suka bar karatu da sana'a, suka kai shekara talatin da gwiwa a lalace, babu takarda, babu jari. A kan wannan mafarki ne 'yan damfara suke kiwo, su zo da sunan dillalan 'yan wasa, su karɓi kuɗin gona ko na gadon marayu da alkawarin gwaji a ƙasar waje, daga nan ko dai su ɓace, ko su yar da yaro a wata ƙasa babu kuɗin komowa. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a kai ɗan ƙasa da shekara 18 wani kulob a wata ƙasa, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Duk wanda ya zo yana neman kuɗi domin ya fitar da yaro ɗan shekara goma sha biyar, to a tuhume shi tun kafin ya gama magana.

Saboda haka muna kira ga masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyi da su ji tsoron Allah game da amanar da ke hannunsu. A tsara lokacin wasa ta yadda za a yi la'asar cikin jam'i kafin a fara, a kuma tashi kafin magariba. A sa wando mai suturce cinya. A kafa doka cewa babu mai sa rigar ƙungiya sai wanda ke zuwa makaranta, ta boko ko Islamiyya ko ta allo, ko kuma yake koyon sana'a a hannun wani sanannen maigida, kuma a riƙa duba wannan a kowane zango. Muna kuma ba su shawara su yi wa ƙungiyoyinsu da 'yan wasansu rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da shekarun gaskiya. Dalili kuwa, a ƙa'idar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da ba shi da rajista, ko ya yi ta da shekarun ƙarya, ya yi wa wani noma ke nan, haƙƙinsa ya salwanta.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuwa, babbar bukata ita ce fili. Kowa shaida ne yadda ake yanka filayen makarantu da na unguwanni ana mayar da su shaguna da fulotai, sabbin unguwanni kuma suna tashi babu ko taku ɗari da aka ware wa yara. Duk filin da aka sayar, yaran da ke cikinsa ba ɓacewa suke yi ba, lungu suke komawa. A killace filayen da suka rage da doka, a farfaɗo da gasar makarantun firamare da na sakandare, a kuma taimaki yaran jiha su riƙa halartar gasa irin ta Kofin Ramat da ake yi a Kano domin tunawa da Janar Murtala. Katsina United, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ta kuma sake komawa babbar gasa a 2023, da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita. Haƙƙin jama'a ne a kanta ta riƙa aika masu horarwarta da 'yan wasanta unguwanni, ta buɗe ƙofa ga yaran ƙananan hukumomi 34 na jihar bisa cancanta, ta kuma zama abin koyi wajen ladabi a fili. Muna kuma gargaɗin 'yan siyasa da su daina tunawa da waɗannan ƙungiyoyi sai zaɓe ya matso, a raba riguna masu hoton ɗan takara, a sa kofi, a ƙarshe a mayar da 'ya'yan mutane 'yan jagaliya.

Attajiranmu su sani cewa kuɗin da zai sayi ƙwallaye da akwatin magani, ya biya wa yara goma kuɗin jarrabawa ko na koyon ɗinki da walda, bai kai abin da ake kashewa a walimar yini ɗaya ba, kuma in an kyautata niyya sadaka ce. Iyaye kuma kada su sallama wa mai horarwa komai. Uba ya san kulob ɗin da ɗansa yake, ya san wanda ke riƙe da shi da halinsa, ya san lokacin fita da na dawowa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, kira na musamman ga malamanmu da kwamitocin masallatai da rassanmu na unguwanni. Kowane reshe ya ƙidaya ƙungiyoyin ƙwallon da ke yankinsa, ya ziyarci shugabanninsu cikin mutunci, ya tambaye su matsalolinsu kafin ya fara yi musu wa'azi. A tanadi buta da tabarma a bakin fili. A sami ɗalibin ilimi mai sakin fuska da zai riƙa zama da yaran nan na minti goma bayan wasa, ya koya musu alwala da salla da gaskiya da haƙƙin iyaye. Masu sana'a daga cikin 'yan'uwa kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu a shagonsa. In an shirya gasa, a gwada dabarar mutanen Mathare, a ba da maki ga kulob ɗin da ya yashe kwata ko ya gyara maƙabarta, ko wanda 'yan wasansa suka fi halartar makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutumin da ya shafe shekaru yana riƙe da yara arba'in na unguwa ba tare da albashi ba ya cancanci ya ga malamai da dattawa a gefensa.

Muna roƙon Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kare su daga shaye-shaye da caca da miyagun abokai, Ya saka wa duk mai ɗawainiya da 'ya'yan talakawa da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya. Amin.